Ranar da Dokin Kawu Ya Yi Kuskuren Cin Tsere

Kawuna tela ne, ƙanin mahaifiyata, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya ɗinka wa mutum mai cikakken tsayi riga ba. Sana'arsa rigunan mahayan dawakin tsere ce, 'yan rigunan nan masu sheƙi da ake yi wa ratsi da ɗigo-ɗigo domin a gane dokin wane tun daga nesa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titin da ya miƙe zuwa filin sukuwa: keken ɗinki biyu, benci ɗaya, da madubin da ya tsage ta gefe. Mahayan kan zo awo, 'yan mutane ƙanana marasa nama a jiki, su tsaya a gabansa ƙiƙam, shi kuwa yana zagaya su da tef a wuya da allurai a baki, yana yi musu faɗa kada su kuskura su ƙara ƙiba su ɓata masa yadi.

Kowane mai doki da launinsa, don haka Kawu ya san attajiran garin ta launi. Kore mai farin hannu na mai gidajen mai ne. Ja mai ɗigon rawaya na wani ɗan kwangila ne da ba ya amsa gaisuwa sai da gira. Kawu kan ce yana riga banki sanin wanda ya fara karyewa, domin duk ranar da attajiri ya aiko a yi wa tsohuwar riga faci maimakon a yanka sabuwa, to magana ta ƙare.

Ni kuwa direba ne, ina da motar ɗaukar kaya, wannan shi ne laifina a labarin nan. Duk wanda yake da mota a cikin dangi ya san ba shi da ranar hutu.

Shekarar da autar Kawu ta yi aure, gida ya yi musu faɗi, shi da matarsa da muke kira Inna. Suna da ɗan abin da suka daɗe suna tarawa don sauya kwanon rufin gida, wanda ke yoyo tun ina makarantar firamare. Ran nan Kawu ya tafi filin sukuwa kai ɗinki, ya tarar ana gwanjon dawakin da masu su suka gaji da su. Da yamma sai ga shi a ƙofar gida riƙe da ragama, a ƙarshen ragamar kuma doki, wani dogo mai launin ƙasa, kunnensa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

Inna ta fito ta dubi dokin, ta dubi mijinta, ta ɗaga kai ta dubi rufin. Kawu ya yi saurin cewa da araha ya same shi. Ta ce ita a saninta abin da ke buɗe baki safe da yamma ba ya araha, kuma ta gode Allah da bai tarar ana gwanjon giwa ba. Ta koma ciki. Sai da ta yi mako ba ta sa masa sukari a shayi ba.

Kawu ya raɗa wa dokin suna Almakashi, wai don zai riƙa yanka iska. Dokin tsere ba ya zama a gida, sai a bargar filin, a hannun mai horo. Mai horon da ya yarda ya karɓe shi mutum ne mai 'ya'ya kamar ya buɗe makaranta, sai suka daidaita a kan Kawu zai riƙa ɗinka wa iyalinsa kaya a madadin ladan horo. Inna ta ce lallai sun ci gaba: yanzu suna tufatar da 'ya'yan wani domin dabba ta kwana a ƙarƙashin rufi mai kyau, su kuma suna jera robobi a tsakar ɗaki idan hadari ya haɗo.

A nan na gane cewa sayen doki shi ne abu mafi sauƙi a harkar. Bayansa akwai hatsi, akwai ciyawa, akwai likitan dabbobi da ke zuwa ya leƙa bakin doki ya rubuta takarda kamar ya yi tiyata, akwai maƙerin da ke sa wa kofato ƙarfe, akwai kuɗin shiga tsere, akwai ladan mahayi ko ya ci ko ya faɗo. Dawakin manya suna da fanka a ɗakunansu, wasu ma har wurin iyo aka gina musu. Almakashi yana lungun ƙarshe kusa da famfo, fankarsa kuwa Kawu ne da murfin kwali. Ciyawar duk ni nake ɗaukowa, kuma har yau ban ga kuɗin mai ba. Idan na yi ƙorafi sai Kawu ya ce ai dokin ƙanina ne, ba a yi wa ɗan'uwa lissafi.

To, ƙanin nawa ba ya cin tsere. Ba wai ba shi da gudu ba ne, gudu kam yana da shi. Matsalarsa son jama'a. Da an buɗe ƙofa zai fita da ƙarfi, ya wuce kowa, sai ya duba dama ya duba hagu ya ga babu kowa, hankalinsa ya tashi, ya rage gudu har 'yan'uwa su iso. Daga nan ya shige tsakiyarsu cikin kwanciyar hankali, a ƙarasa tare. Mahaya sun yi bulala, sun yi zagi, wani har kuka ya yi. Mai horo ya ce a duk shekarunsa bai taɓa ganin doki mai zumunci irin wannan ba, kuma da ana ba da kofi kan kyawun hali da tuni sun cika kabad.

Kawu bai damu ba. Kullum da asuba, kafin ya buɗe shago, yana barga. Ya goge shi, ya duba ƙafafunsa, ya ba shi labarin unguwa: wanda ya rasu, wanda ya tare, abin da Inna ta faɗa jiya. Dokin ya ɗora masa haɓa a kafaɗa yana lumshe ido. Kawu ya ɗinka masa bargo da ragowar yadin attajirai, kore da ja da rawaya duk a jiki ɗaya, har masu barga suka riƙa cewa Almakashi ya fi kowa iyayen gida. Ni da nake ganinsu kullum na san ba dukiya Kawu ya saya ba. Aboki ya samu a lokacin da gida ya yi shiru, kuma ko da yake ina jin haushin kuɗin maina, wannan ban taɓa yi masa dariya a kai ba.

Akwai kuma bajo. Duk mai doki ana ba shi wata 'yar alama ya maƙala a ƙirji, ita ce ke shigar da shi rumfar masu dawaki, inda akwai inuwa da kujeru masu katifa. Kawu ya shekara talatin yana miƙa ɗinki ta ƙofar baya, sai ga shi yana shiga ta gaba. Attajiran sun karɓe shi hannu bibbiyu, ta irin tasu hanyar. Kafin ya zauna wani zai ce, Tela, duba min maɓallin nan. Wani ya juyo masa da aljihun da ya ɓarke. Kawu ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ya riƙa zuwa da zare da allura a cikin hula. Tsere da yawa bai ga ƙarshensu ba, yana duƙe yana kama wa wani bakin wando.

Ana nan sai hukumar filin ta ƙara kuɗin shiga manyan tsere, ƙarin da ko mai gidajen mai sai da ya yi tsaki. Ta kuma kafa doka cewa duk dokin da ba ya fita tsere a kai a kai zai bar barga, a ba wani wurin. Tsere ɗaya ne kawai ya rage wanda aljihun Kawu zai iya, shi ne wanda ake kira tseren gwanjo.

Mai horo ya zaunar da mu a kan buhun hatsi ya yi mana bayani. Kuɗin shiga kaɗan ne, kyautar ma kaɗan ce. Amma dokin da ya zo na ɗaya, a nan take, gumi bai bushe masa ba, za a yi gwanjonsa a gaban jama'a. An yi haka ne don kada manya su riƙa sako dawakai masu tsada suna kwashe 'yar kyautar talakawa. Mai doki yana da damar yin tayi kamar kowa, sai dai duk abin da ya haura farashin farko, kaso mai tsoka na hukumar filin ne, kuma a take ake biya. Wato idan dokinka ya ci, ko dai ka sayi abinka da kuɗinka, ko ka tafi gida da kuɗin wani ba doki.

Kawu ya tambaya, na biyu fa? Mai horo ya ce na biyu ba ruwan kowa da shi. Na biyar fa? Ya ce na biyar ko kallonsa ba a yi. Kawu ya yi murmushi ya shafa wuyan Almakashi, ya ce a rubuta sunansu.

Daga nan rayuwa ta yi daɗi. Almakashi ya ci gaba da zumuncinsa, yau na biyar gobe na shida, Kawu ya dawo gida yana fara'a kamar an yi masa albishir. Shi kaɗai ne mai doki a duk filin da ke zama a rumfa yana roƙon Allah ya ba wasu sa'a. Wata rana dokin ya yi kuskure ya zo na biyu, da tazarar da ba ta fi tsawon hannu ba, sai da aka ba Kawu ruwa.

Bayan wannan firgitar ya fara ɗaukar mataki. Ba zai ce wa mahayi ya riƙe doki ba, wannan laifi ne da ake korar mutum daga fili a kansa, kuma Kawu ba maha'inci ba ne. Amma ya nemo mahayi mafi tsufa a filin, wani mai jikoki da ya taɓa karya ƙugu, wanda babban burinsa a kowane tsere shi ne ya sauko da ƙafafunsa. Sannan ya koma kan abin da ya sani. Ya yanka wa tsohon sabuwar riga, ya sake ta ta baya, ya ƙara mata faɗi a hammata, yadda da an fara gudu iska za ta cika ta. Idan suka zo wucewa ta gaban rumfa sai ka ga kamar an ɗaure wa doki shanya. Mutane suka fara cewa idon Tela ya mutu, hannunsa ya fara rawa. Maganar ta kai kunnen Inna, ta dawo daga kasuwa ranta a ɓace, ta ce ya zubar da sunan da ya yi shekaru yana ginawa saboda dabba. Ya ce sunan nasa ne.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, fili ya yi laka. Na kai Inna asibiti duba hawan jini, a hanyar dawowa ta ce mu biya filin, tana son ta ga abin da ya cinye mata rufi yana gudu ko sau ɗaya. Muka tsaya a jikin shinge tare da 'yan kallo, Kawu yana can rumfa da bajonsa.

Aka buɗe ƙofa. Ba a yi nisa ba wani baƙin doki ya zame a laka, ya watsar da mahayinsa, ya miƙe ya ci gaba da gudu shi kaɗai. Doki ba kowa a bayansa ba ya jin nauyi, nan da nan ya wuce gaba. A dokar tsere kuwa dokin da ba mahayi ba ya cikin lissafi, ko ya riga kowa isa. Kowa a filin ya san wannan, ban da Almakashi. Shi dai ya fito gaba kamar kullum, ya duba gefe yana shirin jiran jama'a, sai ya hango ɗan'uwa a gabansa yana tafiya shi kaɗai abin tausayi. Ya sa ƙafa ya bi shi.

Ban taɓa sanin dokin nan yana da gudu haka ba. Tsohon mahayin ya saki komai ya rungume wuyansa, rigar ta kumbura a bayansa, bakinsa yana motsi, na tabbata ba da doki yake magana ba. Jama'a suka ɗauki ihu. Na waiga rumfa na ga Kawu tsaye a kan kujera mai katifa, allura da zare a hannu, wandon wani attajiri a rataye a kafaɗarsa, yana ɗaga hannu yana cewa a tsaya, a jira mutane. Attajiran suna bubbuga bayansa, sun ɗauka murna ce. Almakashi ya kamo baƙin dokin daidai layin ƙarshe, suka ƙetare kafaɗa da kafaɗa, sauran suna can baya suna cin laka.

Lasifika ta kira sunan Kawu, cikakken sunansa, karo na farko a filin nan ba a ce Tela ba. Aka jawo shi cikin da'irar da ake tsayar da wanda ya ci, aka danƙa masa wani ɗan kofi da ambulan, mai hoto ya ce ya yi murmushi. Na ga hoton daga baya. Kamar wanda aka ɗauka a ofishin 'yan sanda.

Bai gama sauke kofin ba mai gwanjo ya hau kan akwati da ƙararrawa a hannu. Muka kutsa ni da Inna muka tsaya kusa da Kawu. Aka faɗi farashin farko, Kawu ya ɗaga hannu tun kafin a rufe baki. Ba wanda ya ƙara. Masu barga da mahaya duk sun san shi da dokin nan, ba wanda ya motsa, wasu ma suka sunkuyar da kai. Mai gwanjo ya ɗaga ƙararrawa, na ji numfashin Kawu ya fara dawowa.

Sai ɗan kwangilar nan mai ja da ɗigon rawaya ya ɗaga gira daga bakin rumfa. Waya ce a kunnensa, bai ko juyo ya dubi dokin ba. Daga baya na ji cewa al'adarsa ce, duk dokin da ya ci tseren gwanjo sai ya saya, saboda yana son jin lasifika ta faɗi sunan kamfaninsa.

Kawu ya ƙara, ya sa abin da ke cikin ambulan. Gira ta ɗaga. Kawu ya juyo ya tambaye ni nawa keken ɗinki ɗaya zai yi, na faɗa masa, ya ƙara. Gira ta ɗaga. Ya sa keke na biyu. Ni da na shekara ina kukan kuɗin mai, sai na ji bakina yana cewa akwai sababbin tayoyi a motata, a sa su. Gira ta sake ɗagawa, mai ita yana dariya da wanda yake waya da shi.

Kawu ya sauke hannu. Sai na ga Inna ta kai hannu kunnenta, ta cire 'yan kunnen zinaren da ta gada daga mahaifiyarta, ta kama tafin hannunsa ta sa masa, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Ƙara, Malam," ta ce. "Ba ka ga yana kallonka ba?"

Ya ƙara. Muryarsa ba ta fita sosai ba, sai da mai gwanjo ya sa ya maimaita. Wannan karon ɗan kwangilar ya cire wayar daga kunne, ya leƙo ya ga wanda ke ja da shi, ya yi mamaki ƙwarai. Ya ce, cikin fara'a da kyakkyawar niyya, ashe Tela ne, to bari ya taimake shi ya samu riba mai kauri. Ya ninka kuɗin gaba ɗaya, ya mayar da waya kunne. Aka kaɗa ƙararrawa.

Har ga Allah mutumin yana ganin alheri ya yi. Da muka zo wucewa ya miƙo wa Kawu hannu, ya ce yau ya fitar da shi daga wahala, ya je ya huta. Kawu ya karɓi hannun ya yi godiya, domin haka aka tarbiyyantar da shi. Ni ban miƙa nawa ba, kuma da Inna ba ta taka min ƙafa ba da na faɗi abin da zai sa a hana ni shiga filin har abada.

Ma'aikatan ɗan kwangilar suka zo da doguwar mota mai ɗaukar dawaki. Kawu ya bi su yana bayani: ba ya cin hatsi idan an jiƙa, ƙafarsa ta hagu tana son a duba ta bayan ruwan sama, kada a ajiye shi a ɗaki shi kaɗai. Suna ta cewa to, to, ba wanda ya ji. Suka cire tsohuwar ragamar suka miƙa masa, suka sa tasu. Almakashi ya tsaya a bakin motar ya ƙi hawa, ya juyo da kunnen nan nasa ɗaya yana neman Kawu. Suka ja, suka tura, ya kafe. A ƙarshe shugabansu ya ce, Baba, don Allah taimaka mana. Kawu ya miƙa min kofin, ya kama sabuwar ragamar, ya hau gaba, dokin ya bi shi ba musu. Ya ɗan jima a ciki. Da ya fito suka rufe ƙofa.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Unguwa ta cika a ƙofar gida, yara suna tsalle, mai shayi ya ce yau kowa ya sha kyauta a asusun Kawu. Aka ɗaga shi sama, aka karɓi kofin ana zagayawa da shi. Maƙwabta suna ta lissafa masa abin da zai yi: rufi sabo, shago mai ƙofar gilashi, ƙila har da 'yar mota. Wani dattijo ya ce shi dama ya san Tela ba wawa ba ne, duk shekarun nan dabara yake yi. Kawu yana ta amsawa da amin, amin. Sai da Inna ta ce mai gida ya gaji sannan suka watse.

Muka shiga ciki. Kawu ya zauna a bakin gado da takalmansa a ƙafa, laka ta bushe a jikinsu. Takardar bankin da aka ba shi tana aljihun gaba, kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba tun da aka haife shi, bai ko fito da ita ba. Inna ta mayar da 'yan kunnenta, ta kawo shayi ta ajiye a gabansa. Na ce to ni zan wuce, sai da safe. Ya ɗago ya dube ni, sannan ya dubi matarsa.

"Ni yanzu gobe da asuba ina zan nufa?" ya ce.

Na san Inna tun ina goye, ban taɓa ganin an yi mata tambaya ta rasa amsa ba. Sai ta durƙusa a gabansa ta fara kwance masa igiyar takalmi.